Maldibs: Wanda Bai Nutsa Ba Bai Ga Komai Ba

Wallahi idan akwai wurin da ya cancanci mutum ya matse aljihu, ya haƙura da sabuwar waya, ya yi ta tanadi har ya kai ƙafarsa can, to tsibiran Maldibs ne. Ba don farin yashin nan da amare da angwaye ke ɗorawa a Instagram ba. Yashin yana da kyau, ban musa ba. Amma wanda ya je ya kwanta a bakin ruwa ya sha ruwan kwakwa ya dawo, a zaure ya tsaya, bai shiga gidan ba. Gidan yana ƙarƙashin teku, kuma sai da tukunyar iska a baya ake shigarsa.

Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a tekun Indiya, a jere cikin zobba 26 na duwatsun murjani. Ruwan yana da ɗumi duk shekara, tsakanin maki 27 zuwa 30, saboda haka babu rawar ɗari. A lokacin rani kuwa yakan yi garau har ka hango abokin nutsonka daga nesa sarai. Da zarar ka dira daga kan dhoni, jirgin ruwan mutanen wurin, ka saki iskar rigarka ka fara sauka, hayaniyar duniya ta ɗauke ɗif. Ba ka jin komai sai numfashinka, sai kuma wani ƙaras-ƙaras, wato kifin nan mai bakin aku yana gurgurar murjani. Abin da yake kasayarwa shi ne kaso mai yawa na wancan farin yashin da ake yi wa hoto. Tabarakallah!

Ni dai zuciyata tana Dhigurah, wani siririn tsibiri a kudancin zoben Ari. Gefensa ne matattarar kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wanda masu nutso ke kira wel-shak, kuma a nan ana ganinsa kowane wata na shekara. Tun 2009 aka keɓe wannan yankin don kare shi. Ka ga halitta mai tsawon mita shida ko fiye, jikinta duk fararen ɗige-ɗige, ta taho a natse ta gifta ka ko kallo ba ka ishe ta ba. Duk girman nan, ƙananan halittun ruwa take tacewa ta ci. Kana cikin ruwa ba damar magana, amma zuciyarka sai ta yi tasbihi.

Kusa da nan akwai Kudarah Thila, wani tsauni da ya taso daga ƙasan teku bai kai sama ba. Kai, jama'a! Dubban kifaye rawaya masu shuɗin zane sukan lulluɓe shi har su rufe maka hanya, sai ka matso su dare biyu su ba ka wuri. Haska tocila a ƙarƙashin wani kogo, abin da ka ɗauka toka-toka ne sai ya koma ja jawur, domin ruwa yakan shanye launin ja tun daga 'yan mitoci kaɗan. Sai kuma kifin manta, mai fukafukai kamar mita uku zuwa huɗu, wadda ke zuwa wasu keɓaɓɓun duwatsu ta tsaya cak ƙananan kifaye su share mata jiki. Ka lafe a ƙasa, ta yi ta shawagi a kanka. Wanda ke son ganin su da yawa ya nufi Hanifaru a yankin Baa, tsakanin Mayu da Nuwamba, sai dai can an hana nutso da tukunya, iyo a saman ruwa kawai ake yi. Kifin shak kuma da muke tsoro a fim? A 2010 gwamnati ta haramta kamun sa, ga shi nan birjik, kuma sabgar gabansa kawai yake yi.

Abin da ya ƙara mini son wurin shi ne ba sai kana da kuɗin manyan otal-otal na kan ruwa ba. Daga 2009 aka ba mazauna tsibirai izinin buɗe masaukin baƙi, saboda haka a Dhigurah, Maafushi ko Fulidhoo za ka sauka cikin gari da kuɗin da bai kama ƙafar na can ba, alhali teku ɗaya kuke shiga. Ga kwanciyar hankali: ƙasar Musulmi ce tun 1153, kiran salla na tashe ka, abinci halal ne, ba a sayar da giya a tsibiran da jama'a ke zaune. Da safe a kawo maka mas huni, dakakken kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, ka haɗa da gurasarsu roshi. Mata kuma kada su ji komai, akwai rigar nutso mai rufe jiki daga wuya har idon sawu, kuma ana iya neman mace ta koyar.

Ashe ma muna da tsohuwar alaƙa da wannan ruwan. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano da Katsina, mai yawa daga cikinsa daga tekun Maldibs aka kwaso shi. Ibn Battuta ya yi alƙalanci a can, ya ga yadda ake tara shi, daga baya ya tarar ana kashe shi a Mali da Gao.

To, ga shiri. Fara da koyon iyo tun daga gida, domin kafin a ba ka shaidar matakin farko ta ƙungiyar koyar da nutso ta PADI sai ka yi iyon mita 200 kuma ka yi minti goma a saman ruwa. Kwas ɗin kwana uku zuwa huɗu ne, yana ba ka damar sauka mita 18. Mataki na gaba ya kai ka 30, wanda shi ne iyakar da dokar ƙasar ta yarda. Dokokin ba su da yawa amma ba a wasa da su: kada ka riƙe numfashi, ka riƙa toshe hanci kana hurawa a hankali don kunne ya buɗe, ka tashi sannu, ka tsaya minti uku a mita biyar. Bar yini guda cur tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama.

Disamba zuwa Afrilu ne lokacin rani da ruwa mai haske, kuma lokacin tsada. Mayu zuwa Nuwamba akwai ruwan sama da iska, amma farashi na sauka. Ana zuwa Male, babban birnin ƙasar, ta Doha, Dubai ko Istanbul, ana buga bizar kwana 30 a filin jirgi, kuma kada ka manta katin rigakafin shawara. Ka lura jiragen ruwan gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a. Ka yi inshorar da ta haɗa da nutso.

Roƙona ɗaya ne: kada ka taɓa murjani, kada ka bi kifi da gudu don hoto. Zafin ruwa ya yi wa murjanin wurin mummunar ɓarna a 1998 da 2016, yana farfaɗowa ne a hankali. Hukuncina kuwa, goma bisa goma, da akwai sha ɗaya da na ƙara. Mai karatu, fara tanadi yau, ka nemi inda za ka koyi iyo, ka je ka gani da idonka.