Masu Jan Ragar Filankiton da Lissafin Ruwa

Kama filankiton, ƙananan halittun nan da igiyar teku ke yawo da su, ba abin wahala ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin yawan ruwan da ya ratsa ragar. In ba a san shi ba, ƙidayar halittun ta tashi a banza, don ba mai iya cewa ga yawansu a cikin ruwa kaza.

Idan jirgi na jan raga mai ƙananan idanu, ba duk ruwan da ke gabanta ke shiga ba. Wani yakan yi cunkoso a baki, ya kauce ta gefe. Victor Hensen na Kiel a Jamus ya gane haka tun ƙarshen ƙarni na 19, sai ya tsuke bakin ragarsa ya bar jikin da faɗi. Daga baya Tranter da Smith suka daidaita lissafin a littafin UNESCO na 1968: in jimillar ƙofofin yadin ta ninka faɗin baki sau uku, raga na tace wajen kashi 85 cikin ɗari, in ta haura sau biyar, a kusanci 95. Ragar WP-2, mai baki santimita 57 da ido ɗaya bisa biyar na milimita, sau shida aka ba ta.

Amma wannan lissafin raga mai tsabta ne. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san yadda dusa ke toshe ƙyalle sai an girgiza. Haka gansakuka da halittu masu yauƙi ke liƙe idanun raga. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ɗinka gaban ragar miƙaƙƙe kafin ta fara tsukewa, yadda wurin zai riƙa kaɗawa cikin ruwa yana wanke kansa.

Sauran aikin na mutum ne. Gwani yakan ɗaura 'yar farfela mai ƙirga ruwa a cikin baki, wata a waje, bambancinsu ya nuna masa yawan toshewa. Tun kafin ya saki igiya ya dubi launin teku: in kore ne shar, ya gajarta jan. Gudu ma da awo yake. Ya yi sauri, matsin ruwa ya tura masu laushin jiki su fice ta idanu. Ya yi sanyin jiki, 'ya'yan kifi su hango raga su tsere.