Cikin Fari a Sabo: Ina Maigidan Yake?

Jama'a, akwai al'adar da muka ɗauko daga gida muka sauke a nan Sabo, ba mu duba ko ta dace da zaman Badun ba. Ita ce ta cewa ciki da haihuwa harkar mata ce, namiji nasa cefane da ragon suna.

A Kano ko Katsina wannan magana tana da madafa. Mai cikin fari takan koma gaban iyayenta goyon ciki, ga uwa, ga gwaggo, ga ungozoma, har ta gama wankan jego na kwana 40. To mu nan fa? Yaro ya auro yarinya daga Arewa ya ajiye ta a ɗaki ɗaya, ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci. Ya fita kasuwa tun asuba, sai bayan isha'i. In ta je awo, nas ta yi bayani ba ta gane ba. Wani kuma sai ciki ya tsufa ya sa ta a mota, tafiyar yini guda cur, wai don a cika al'ada.

In an yi magana sai a ce kunya. Wace kunya ce za ta hana mutum raka matarsa asibiti? Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, kuma ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa, ta kuma sa yaye kafin shekara 2 ya zama da yarda da shawarar su biyun. Ashe tun can ba a cire namiji daga reno ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo akalla sau 8. Maigida ya san ranakun, ya bar wa yaron shago tsaro ya raka ta, ya yi mata tafinta. Ya tanadi kuɗin asibiti kafin na rago, ya san motar da zai kira in naƙuda ta zo da dare. Ɗiban ruwa da goyon jariri ba sa rage wa kowa girma.

Mu ma limamai da dattawa, mu riƙa faɗa wa ango wannan tun ranar ɗaurin aure.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.