Yaran Malam Donald Byrd

A ƙasar Hausa mawaƙi shi ke da suna. 'Yan amshi da masu kalangu ba mai tambayar sunansu. Haka yake a Amurka ma. Amma a birnin Washington an yi waɗansu yara da suka fito daga bayan maigidansu har suka yi suna.

Donald Byrd mabushin ƙaho ne na kiɗan jaz, kuma a wancan lokaci malami ne a Jami'ar Howard. A 1973 ya zaɓi waɗansu almajiransa, irin su Kevin Toney mai fiyano da Keith Killgo mai ganga, su riƙa yi masa kiɗa. Aka sa musu suna Blackbyrds. Ba a jima ba suka soma fitar da faya-fayansu. A 1975 waƙarsu "Walking in Rhythm" ta kai ta 6 a jerin Billboard, kana suka yi "Rock Creek Park", wadda ta karɓu a gidajen rawar disko.

Masanan jaz da dama suka zargi Byrd, wai ya zubar da sana'a don kuɗi. Ni kam ban yarda ba. Gaskiya ne kalmomin "Rock Creek Park" kaɗan ne, maimaitawa ake ta yi. Mai neman azanci zai koma hannu rabbana. To, amma don ƙafa aka yi ta. Riƙe kiɗa guda ba gargada aikin gwani ne, a bayan maigida kuwa suka koye shi. Shi ya sa daga baya masu waƙar rap suka yi ta aron kiɗan nan.