Fiƙoƙin Elk: Haƙora Biyu da Al'adar da Ta Ginu a Kansu

A watan Satumba, idan sanyi ya fara sauka a kan duwatsun Roki na yammacin Amurka, kukan mazajen elk kan cika dazuzzukan Montana da Wayomin da Aidaho da Kolorado. Lokacin barbararsu ke nan, kuma a nan ne kakar farauta take buɗewa. Elk ƙatuwar dabba ce daga dangin barewa masu ƙaho mai rassa, ƙosasshen namiji yakan haura kilo 300. Duk wanda ya kayar da ita yana da jan aiki a gabansa: ga fiɗa, ga datsa nama, ga jigilarsa a gadon baya ko a kan doki daga ƙuryar daji zuwa bakin hanya. Amma komai gajiyarsa, da wuya ya bar wurin bai ɗaga leɓen dabbar na sama ya ciro wasu ƙananan haƙora biyu ba.

Elk ba ta da haƙoran gaba a muƙamuƙin sama, sai dasashi mai tauri, kamar sauran dabbobi masu tuƙa. A kowane gefe na wannan dasashi akwai fiƙa guda ɗaya, gajeriya, mai sulɓi da dunƙulallen kai. Masana halittu na ganin ragowar haure ce da kakannin dabbar suka yi faɗa da shi tun kafin ƙaho ya bunƙasa, kuma har gobe barewar almiski ta Asiya tana yawo da dogayen fiƙoƙi irin waɗancan. Namiji da tamata duk suna da su, sai dai na namiji sun fi kauri da girma. Fiƙar ƙaramar dabba fara ce, saiwarta da rami. Yayin da shekaru ke tafiya, ciyawa da ganye sukan goge kanta su kuma rina ta, har ta fito da zobe-zoben launin zuma da ruwan ƙasa. Irin wannan tsohuwar fiƙa ita mafarauta suka fi ji da ita, domin ba a samun biyu masu zane iri ɗaya.

Cire ta na buƙatar natsuwa fiye da ƙarfi. Ana yi ne tun gawar da ɗuminta, kafin nama ya sandare. Mafarauci kan tura tsinin wuƙa tsakanin haƙorin da dasashi, ya zagaye shi ciki da waje, yana nutsa wuƙar har ta kai gindin saiwa. Daga nan wasu su ɓanɓaro shi da yatsa, wasu su ɗora guntun itace a jikinsa su ƙwanƙwasa a hankali har ya yi tsalle ya fito. Tsofaffin hannu suna hana damƙarsa da filaya, saboda ƙarfe na karce fuskar haƙori, wani lokaci ma ya tsaga shi. Idan an isa gida sai a kankare sauran naman da ke saiwar, a barbaɗa gishiri, a bar shi ya bushe. Ba a jiƙa shi cikin sinadarin faranta kaya, domin zai cinye launin da ake taƙama da shi. Da yawa sukan jefa shi cikin aljihu su yi ta yawo da shi wata da watanni, gugar yadi da maiƙon hannu su sa shi ƙyalli. Bayan haka ne ake kai wa maƙerin farfaru ya ɗaura shi a zobe ko abin wuya ko 'yan kunne.

Wannan ɗabi'a ta girmi bindiga, ta girmi noma ma. A Saint-Germain-la-Rivière da ke kudu maso yammacin Faransa, an tono kabarin wata mata da ta rayu fiye da shekara 15,500 da suka wuce, tare da hudaddun fiƙoƙin jar barewa wajen saba'in. Jar barewa 'yar uwar elk ce ta kusa, kuma a wancan zamani na ƙanƙara ba kasafai ake samunta a yankin ba, abin da ya sa masu bincike suke ganin daga nesa aka kawo haƙoran. A Jamus da Ostiriya har yau mafarauta na ɗaura irin waɗannan haƙora a azurfa, su rataya a sarƙar da ake sa wa wandon fata na gargajiya. Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wanda Bajamushe ne, ya sa an ƙera mata kayan ado da haƙoran barewar da ya harbe a gandun gidan sarauta na Balmoral.

Inda al'adar ta fi yin zurfi kuwa shi ne wurin 'yan asalin filayen Amurka ta Arewa, irin su Lakota da Cheyenne, musamman kuma al'ummar Crow ta Montana, masu kiran kansu Apsáalooke. Matansu na da wata riga da ake jera wa fiƙoƙin elk sahu-sahu, gaba da baya da kan hannuwa. Da farko da fata ake yin ta, daga baya aka koma ga yadin ulu ja ko shuɗi da fatake ke kawowa. Riga ɗaya takan ɗauki haƙori ɗari uku ko fiye. Tunda biyu kacal kowace dabba ke bayarwa, wanda ya ga mace sanye da ita ya san shekaru nawa mazan gidan suka kwashe suna fita daji suna dawowa da nama. A wurin Crow dangin ango ne ke shirya wa amarya wannan riga, kusan yadda ake haɗa lefe, don a shaida cewa gidan da za ta shiga ba gidan yunwa ba ne. Lakota kuma sun lura cewa idan gawar elk ta ruɓe, ƙashi ya rududduge, fiƙar nan takan saura, shi ya sa suke ba jariri ita da fatan tsawon rai.

A duk waɗannan wurare darajar haƙorin daga abu ɗaya take fitowa. Shaida ce cewa an yi farauta, an ci nama, an jeme fata, an ciyar da iyali. Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka raba shi da wannan shaida.

A 1868 aka kafa wata ƙungiyar zumunta ta maza a birnin New York, mai suna Benevolent and Protective Order of Elks. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta bazu a faɗin Amurka, 'ya'yanta kuma suka ɗauki yayin rataya haƙorin elk a sarƙar agogon aljihu. Akasarinsu mazauna birni ne da ba su taɓa taka daji ba, da kuɗi suke saya. Kasuwa ta buɗe, sai ga wasu maharba da suka mayar da neman haƙori sana'a. A kwarin Jackson Hole na Wayomin sukan bi garken da dusar ƙanƙara ta tare, su harbe manyan mazaje, su ciro haƙora biyu, su bar kilo ɗaruruwa na nama ga kyarkeci da hankaka. Kayan ba su da nauyi, ana iya ɓoye haƙoran dabba ashirin a cikin ɗan buhun taba, don haka kama mai laifi ya yi wuya ƙwarai.

Ba haƙori kaɗai ya durƙusar da elk ba. Farautar fata da nama don kasuwa, da gonaki da shingayen baƙi da suka cinye makiyaya, su suka fi yin ɓarna. An kiyasta cewa kafin zuwan Turawa dabbar ta kai miliyan goma, amma a farkon ƙarni na 20 ba ta kai dubu ɗari ba. Nau'in gabashin ƙasar ya ƙare ƙurmus tun wajen 1877. Laifin masu neman haƙori shi ne sun faɗa wa ɗan abin da ya rage, kuma sun zaɓi mafi ƙarfin mazajen da garke ke dogaro da su.

Mutanen Jackson Hole da kansu suka fara cewa ya isa. A 1906 suka taru suka ba wasu sanannun masu wannan sana'a wa'adin barin kwarin. Wani makiyayi mai ɗaukar hoto, Stephen Leek, ya yi ta yaɗa hotunan elk da yunwar hunturu ke kashewa, har hankalin ƙasa ya juyo. A 1912 aka kafa gandun kare elk na ƙasa a kwarin. Ita ma ƙungiyar Elks ba ta tsaya a matsayin mai laifi ba: reshenta na garin Winslow ya taimaka wajen kawo elk 83 daga gandun Yellowstone zuwa Arizona a 1913, bayan na asalin jihar sun ƙare. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji. Yau elk ta kai wajen miliyan ɗaya a Amurka ta Arewa.

Mafaraucin yanzu yana aiki ne a cikin wannan shinge. Sai ya sayi lasisi, a wurare da dama sai ya ci ƙuri'a kafin a ba shi izinin dabba ɗaya tak, kuma dokokin jihohi sun haramta barin nama ya lalace a daji. Wannan ne ya mayar wa haƙorin da mutuncinsa. Uba kan adana fiƙar dabbar farko da ɗansa ko 'yarsa suka harba, wasu ma'aurata kan sa a zoben aurensu. Duk da haka hannun kasuwa bai janye gaba ɗaya ba, domin ana sayar da haƙoran a shaguna da intanet, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin ko ta halal aka samo su. Nan ne ya kamata masu ƙaunar al'adar su fi sa ido.

Su kuwa Crow, waɗanda suka fi kowa raya ta, su suka fi ɗanɗana kuɗar ɓarnar da ba su yi ba. Da aka killace su a keɓaɓɓen yanki, elk kuma ta yi ƙaranci, mata suka koma sassaƙa ƙashi da siffar haƙori don kada rigar ta mutu. Yawancin rigunan da ake gani a bikin Crow Fair na kowane watan Agusta, wanda aka fara tun 1904, da irin waɗannan kwaikwayo aka ƙawata su. Batun haƙƙinsu na farauta ma bai kwanta ba. A 2014 wani ɗan ƙabilar, Clayvin Herrera, ya harbi elk a dajin Bighorn, jihar Wayomin ta gurfanar da shi. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa haƙƙin farauta da yarjejeniyarsu da gwamnatin Amurka ta 1868 ta ba Crow bai faɗi ba don kawai Wayomin ta zama jiha, sannan ta mayar da sauran batutuwan shari'ar ga ƙananan kotuna.