Digiri Na Biyu: Agogon Ɗalibi Na Tafiya, Na Malami Yana Tsaye

Jama'ar unguwa, yau ba abin mamaki ba ne ka ji an ce ɗan gidan wane ya koma karatun mastas. Wasu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, wadda aka kafa a 1983, suna zirga-zirga tsakanin Bosso da Gidan Kwano. Wasu kuma na Jami'ar IBB da ke Lapai. Abin alfahari ne wallahi. Sai dai sharuɗɗan da jami'o'in ƙasar nan ke bi kafin su yaye ɗalibin digiri na biyu suna buƙatar a dube su da idon basira, domin akwai mai kyau a ciki, akwai kuma inda aka bar gyara.

Mu fara da maki. A digirin farko, ko da 45 cikin 100 ka samu ka tsallake. A digiri na biyu kuwa, ƙasa da 50 faɗuwa ce. Daga 70 zuwa sama A ke nan, mai daraja 5. 60 zuwa 69 B, mai daraja 4. 50 zuwa 59 C, mai daraja 3. Wannan tsari ba shi da laifi. Wanda zai amsa sunan masani a fanninsa bai kamata ya fita da ƙyar ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan: takardar shaidar mastas ba ta ɗauke da aji ɗaya ko aji biyu kamar ta digirin farko, don haka da yawa cikin yaranmu na ɗauka cewa wucewa kawai ita ce magana. Ba haka ba ne. Galibin jami'o'inmu ba sa ɗaukar mutum karatun digirin digirgir kai tsaye sai jimillar makinsa ta kai 3.50 cikin 5. Ku yi lissafin da kanku. Wanda ya ci C a kowane kwas yana da 3.00, ya gama lafiya, an yi walima, an ci shinkafa, amma ƙofar gaba a rufe take, sai dai ya bi ta doguwar hanya. Don ya kai 3.50, in bai samu A ba, sai aƙalla rabin nauyin kwasa-kwasansa ya zama B. Me zai hana a faɗa wa ɗalibi wannan ɓaro-ɓaro tun ranar da ya yi rajista? Rubuta shi a cikin littafin dokoki bai wadatar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai babban lamarin, wato kundin bincike. Bayan an gama zaman aji, ɗalibi zai gabatar da ƙudurin bincikensa a sashe, ya yi aikin, a tantance ko ya kwafi na wani, sannan ya kare shi a gaban malamai da mai jarabawa da ake gayyatowa daga wata jami'a. Daga nan sai gyare-gyare, sai makarantar karatun gaba da digiri, sai majalisar jami'a ta sa hannu. Kawo baƙon malami daga waje hikima ce babba, domin tana rage son kai da sanayya.

To amma ku duba wanda dokar ta ɗaure. An yanka wa ɗalibi wa'adi: in ya wuce shi, zai nemi ƙari ko a sallame shi, kuma duk shekarar da ta zagayo sai ya sake biyan kuɗin rajista. Malamin da ke duba aikin fa? Babi ɗaya na iya kwana wata da watanni a kan teburinsa, ɗalibi bai da bakin magana, domin makinsa na hannun wanda zai kai ƙara. Ba kullum ne laifin malamin ba. Wani an jibga masa ɗalibai fiye da ƙima, ga koyarwa, ga albashin da bai taka kara ya karya ba. Ku ƙara da yajin aikin ASUU, na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Karatun da aka tsara bai wuce shekara biyu ba sai ya kai huɗu, alhali mai yinsa magidanci ne ko matar aure mai goyo, da kuɗin kasuwa ko na albashi ake biya.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A yanka wa malami kwanakin da zai mayar da babi, a rubuce. A ƙayyade yawan ɗaliban da zai duba. In jinkirin ba daga ɗalibi ya fito ba, a yafe masa kuɗin shekarar. A kuma buɗe hanyar da zai nemi canjin malami ba tare da tsoron ramuwa ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ke shimfiɗa ma'aunin karatu, ita ta fi dacewa ta tilasta wannan.

Mu kuma iyaye da yayye, mu daina tambayar "yaushe za ka gama?" kaɗai. Mu riƙa tambayar "makinka nawa, babi na nawa kake, yaushe ka miƙa shi?" Ɗalibi kuma ya riƙa rubuta ranar da ya kai aiki da ranar da aka dawo masa da shi. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.