Gwanin da ke haɗa Squid da hannunsa

Nijar ba ta da bakin teku, don haka galibin shafukan da ake buɗewa a Tasawa ko Mayahi sai sun yi doguwar tafiya kafin su iso: daga wayoyin ƙarƙashin teku zuwa ƙasashen maƙwabta irin su Benin, sannan su hauro arewa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka katse a lokaci guda, Afirka ta Yamma ta ji a jika. Ko a ranar da komai ke lafiya, layi ɗayan da kwamfutoci goma ke rabawa a ɗakin lakwal ko ofishin magajin gari ba ya isar kowa. A nan aikin mutumin da nake yabo yake.

Abin da yake kafawa wakili ne tsakanin kwamfutocin gida da intanet. Kowace buƙata ta hannun wakilin take bi. Ya je ya ɗauko, ya miƙa, ya ajiye kwafi. In wani ya sake neman abu ɗaya, daga ajiya za a ba shi, ba a taɓa layi ba. Manhajar da ta fi suna a wannan aiki ita ce Squid, wadda Duane Wessels ya fitar a Amurka a 1996 daga wani aikin bincike mai suna Harvest. Kyauta take, kuma lasisinta na GPL ya halatta wa kowa ya karanta rubutunta na asali, ya gyara, ya raba.

Ana iya saukar da ita a shirye da umarni ɗaya, kuma ba laifi. Sai dai rigar kanti daban, wadda tela ya auna ka ya ɗinka daban. Gwani yakan sauko da rubutun asalin, ɗan ƙunshi na ƴan megabait, ya warware shi a kan Linux, ya tabbatar akwai g++ da make, domin da C++ aka rubuta Squid. Daga nan sai ./configure, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Wannan mataki yana bincika na'urar ne, ya ga me take da shi, me ta rasa. Rubutu zai yi ta gudu a allo, layi bayan layi. Ɗan koyo yana ganin ya tsaya da kuskure sai hankalinsa ya tashi, ya sake bugawa ko Allah zai sa a dace. Shi kuwa gwani ya koma sama a natse, ya nemo layin farko da ya koka, ya gane ɗakin karatun manhaja kaza ne babu, ya saka shi, ya ci gaba. A nan ne kuma yake zaɓen abin da zai shiga. In bai rubuta --enable-delay-pools ba, ba zai sami ikon raba ƙarfin layi daidai wa daida ba, mutum ɗaya mai saukar da fim ya hana kowa sakat.

Sai make, sai jira. A tsohuwar kwamfuta abin yakan ɗauki lokaci, ga kuran ba shi da tabbas. Wutar jihar Maraɗi daga Katsina take shigowa ta Gazawa, kuma ba a manta da wuyar da aka sha ba lokacin da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Wanda ya san aikinsa bai damu ba, domin make ba ya komawa farko. Zai share fayil ɗin da ɗaukewar wuta ta bari rabi, ya sake bugawa, aikin ya ɗora daga inda ya tsaya. Da make install komai ya sauka a /usr/local/squid.

Saura squid.conf, inda ake faɗin wa aka yarda ya shigo ta ƙofa mai lamba 3128, da girman wurin ajiya. Squid na zuwa ne a rufe ga baƙi, kuma mai hankali ba ya buɗe shi ga duniya, don kada ɓarayin intanet su fake da layinsa. Ya buga squid -k parse ya duba kuskure, squid -z ya gina ma'ajiya, ya tayar. A access.log yake ganin sakamako: TCP_MISS an je waje, TCP_HIT an samu a gida.

Gaskiya ribar ajiya ta ragu, tunda yawancin shafuka yanzu a kulle suke zuwa da HTTPS, wakili ba ya ganin cikinsu. Squid na da hanyar ɓalle wannan kulle idan an haɗa shi da OpenSSL, kuma abin da ya fi burge ni shi ne gwanin da ya iya amma ya ƙi, saboda saƙon malama da lambar sirrin ma'aikaci amana ce. Ya tsaya kan abin da ya halatta: raba layi da adalci, toshe shafukan da ba su dace da ɗalibai ba, da ajiye sabuntawar Debian ko Ubuntu, ta yadda kwamfuta ɗaya za ta sauko da ita, sauran tara su ɗiba daga gida.