Masu Goɗiya a Kudancin Kano

Ranar hawan Daushe, idon kowa a kan ingarma yake. Babu hakimin da zai ratsa Ƙofar Kudu a bayan goɗiya. Ko da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin gadon al'adun duniya a Disambar 2024, angarmu da mahayansu aka yi ta ɗauka a hoto. Amma duk akawal ko kilin da ka gani yana rangaji, wani ne can ƙauye, kamar wajen Kiru ko Bebeji, ya yi wata 11 yana dakon uwarsa.

A TikTok, bidiyon baye ba ya kai minti guda: ingarma ya yi haniniya, ya hau, samari su yi ihu, shi ke nan. Ni kuwa abin da ke burge ni yana farawa ne bayan an mayar da wayoyi aljihu.

Gwanin kiwo yakan ja goɗiyar ya ɗan zaga da ita, ya ɗaure ta a inuwa nesa da ingarma, sannan ya shiga ƙirga kwanaki. Goɗiya kan nemi namiji duk bayan kamar kwana 21. Idan lokacin ya zagayo sai ya kusanto da ingarman, ya zuba ido. In ta kwantar da kunnuwa baya ta kai harbi, sai ka ga dattijo ya yi murmushi: "Ta ɗauka." In ta ɗage wutsiya ta tsaya cak, an koma gidan jiya. Likitan dabbobi mai na'ura na iya hango cikin tun yana mako biyu, har ya gano tagwaye, waɗanda a wurin dawaki hatsari ne ba abin murna ba. Dattijon dai kunnen goɗiya ne na'urarsa.

Sai ciyarwa. Bai yarda ta yi teɓa tun farko ba. Harawa da dusa da 'yar kanwa sun wadatar. A wata ukun ƙarshe, lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa, nan yake ƙara hatsi, ya kuma sauke mata sirdi. Wajen Tudun Wada da Doguwa, inda damina ta fi nauyi kusa da dajin Falgore, ciyawa ba ta yankewa da wuri, sai dai kaska da ƙudaje masu cizo su ma sun samu gida. Shi ya sa kullum yatsunsa na bin ƙasan wutsiya da cikin kunne.

Ran da hantsa ta cika, ya ga wani abu kamar kakin zuma a bakin nono, ranar zai ɗauko tabarmarsa ya dawo barga, don goɗiya ta fi son haihuwar dare. Ba zai runtsa ba sai ɗan dukushi ya miƙe kan dogayen ƙafafunsa masu rawa, ya laluba ya kama dakashi.